Cif ɗin senti goma ko Arduino: wanne ya dace da mai fara koyo?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Kano, ina ɗan taɓa gyaran kayan wuta. Ina so in haɗa na'urar da za ta riƙa kashe sumon gidanmu idan tanki ya cika, daga baya kuma ta riƙa turo min saƙo a waya. Na ga ana tallar wani cif mai suna CH32V003, wai senti goma ne kuɗinsa, alhali Arduino da ESP32 sun ninka shi nesa ba kusa ba. Kuɗina kaɗan ne. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ga amsar tun da wuri: ka sayi Arduino Nano, na China mai araha ɗin nan, in da hali guda biyu. CH32V003 kuwa ka ajiye sunansa a littafinka, ranarsa tana zuwa. Tallar da ka gani ba ƙarya ba ce, kuma cif ɗin ba na banza ba ne. Sai dai a aiki irin naka, kuɗin cif shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe.

Irin cif ɗin da muke magana a kai shi ake kira maikurokwanturola, wato ƙaramar kwamfuta da aka dunƙule cikin cif guda. A cikinsa akwai ƙwaƙwalwar lissafi, da filash inda furogiram ɗinka ke zama ko an ɗauke wuta, da RAM inda yake ajiye abin da yake aiki da shi a lokacin, da ƙafafun da yake ji da su ko yake ba da umarni. Masu talla lambobi uku suke nuna maka: gudu, da girman filash, da girman RAM. Abin da ba sa faɗa, kuma shi ke wahalar da sabon shiga, shi ne bolt nawa cif ɗin ke ɗauka, da wane kayan aiki ake zuba masa furogiram, ko ƙafafunsa za su shiga allon gwaji mai ramuka, da kuma wanda za ka tambaya ranar da ya ƙi tashi.

Mu ɗora CH32V003 a kan wannan ma'auni. Kamfanin WCH na birnin Nanjin a China ne ya fitar da shi wajajen ƙarshen 2022. Ƙwaƙwalwarsa ƙirar RISC-V ce mai bit 32, tana gudu har MHz 48, da filash KB 16 da RAM KB 2, kuma yana aiki da bolt 3.3 ko bolt 5. A takarda ya ninka Nano sau uku wajen gudu, RAM ɗinsu kuma ɗaya ne. To amma ka ɗora shi a tafin hannunka ka gani. Mai ƙafa ashirin ɗin bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 0.65 ce, alhali ramukan allon gwaji milimita 2.54 ne tsakaninsu. Ba zai shiga ba sai ka liƙa shi da dalma a kan wani ɗan fanel na daban. Ba shi da ƙofar USB ta kansa, dole sai ka sayi na'urar zuba masa furogiram mai suna WCH-LinkE, wadda ita kaɗai kuɗinta ya sayi cif ɗin da dama. Senti goman nan ma farashin mai sayen da yawa ne daga dila, kafin kuɗin jigila da canjin dala. Idan ka tara kuɗin cif da fanel da furogirama da na aike, za ka tarar ka wuce kuɗin Nano, kuma ko fitila ɗaya ba ka kunna ba tukuna.

Akwai ma wanda ya fi shi araha. Kamfanin Padauk na Taiwan yana da PMS150C, wanda aka riƙa samu a wajen senti uku. Sau ɗaya tak ake rubuta masa furogiram. Idan ka yi kuskuren harafi ɗaya, sai dai ka jefar ka ɗauko wani. An yi irin waɗannan ne don masana'antar da za ta buga tocila ko kayan wasan yara dubu ɗari biyar, inda rage senti biyar a kan kowane guda yake nufin dala dubu ashirin da biyar. Kai guda ɗaya za ka haɗa. Ko kyauta aka ba ka cif ɗin, ribarka ba ta kai kuɗin wayar da za ka ja zuwa tanki ba. Abin da ke da tsada a wajenka shi ne lokacinka da ƙwarin gwiwarka, don na ga yara masu basira da suka watsar da wannan fanni saboda sun fara da kayan da ya fi ƙarfin mai farawa, suka yi sati uku suna fama da saita manhaja, suka ɗauka kansu ne ba ya ja.

Nano kuwa, cif ɗin da ke kansa ATmega328P ne. Tsohon hannu ne, ƙirar AVR da wasu ɗalibai biyu suka faro a birnin Turondhaim na ƙasar Nowe a shekarun 1990, kamfanin Atmel ya riƙa ƙera shi har Microchip ya saye Atmel a 2016. Arduino shi kansa a 2005 aka fara shi a wata makarantar zane da ke garin Ibreya a Italiya, kuma da gangan aka yi shi don ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Bit 8 ne, MHz 16, filash KB 32, RAM KB 2, da wata 'yar ma'ajiya ta KB 1 mai suna EEPROM wadda ba ta mantuwa idan an ɗauke wuta. Lambobin ba su da ban sha'awa, amma da tsohuwar zuma ake magani. Da bolt 5 yake aiki, kamar yawancin sansa (na'urar jin abu ko aunawa) da rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa) masu araha da za ka samu a kasuwa. Ƙafarsa ɗaya tana ba da miliamfiya 20 ba tare da ta ji jiki ba, kuma yana da juriyar kuskure fiye da sababbin. Wayar USB kaɗai kake buƙata. Sannan duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ka cin karo da ita shekaru goma da suka wuce, ya kuma rubuta maganinta a intanet. Wannan na ƙarshen ya fi duk MHz ɗin duniya daraja ga mai koyo.

Wajen saye ka buɗe ido. Ka karanta rubutun da ke jikin baƙin cif ɗin da kanka. Akwai Nano mai ATmega168, wanda filash da RAM ɗinsa rabi ne, kamanninsu kuma ɗaya. Akwai mai LGT8F328P, wani cif ne na China da ke kwaikwayon na asali. Yana aiki, amma sai an saka masa tsari na musamman a manhajar Arduino, in ba haka ba lissafin lokacinsa zai rikice maka. Ka juya bayan allon, za ka ga wani dogon cif an rubuta CH340, shi ne tafinta tsakanin USB da ATmega, kuma WCH ɗin nan masu cif ɗin senti goma su ne suka yi shi. Wani lokaci sai ka saka direbansa a kwamfuta kafin ta gane allon. Idan furogiram ya ƙi shiga, kafin ka ce an sayar maka da matacce, gwada abu biyu: canza wayar USB, don wasu wayoyin caji babu zaren data a cikinsu, sannan a wajen zaɓen furosesa ka zaɓi wanda aka rubuta Old Bootloader. Waɗannan biyun su ne ke warware yawancin Nanon da ake kawo min a matsayin gawa.

Iyakar Nano RAM ce, kuma gara ka san ta tun yanzu. Bayit 2048 ne ke nan gaba ɗaya. Ƙaramin gilashin OLED mai ɗigo 128 sau 64 da kowa ke sha'awa, laburaren da aka fi amfani da shi yana kama bayit 1024 don ajiye hoton fuskar kaɗai, rabin abin da kake da shi ya tafi. Ka ƙara saƙonnin rubutu, sai ka ga na'ura ta fara abin da ba ka sa ta ba, tana tsayawa ko tana sake tashi da kanta, alhali manhajar ba ta nuna kuskure ba. Maganinsa shi ne ka riƙa lulluɓe rubutun da ba ya canzawa da F() don ya zauna a filash, ka guji nau'in ajiye rubutu mai suna String da ke cin RAM, ka yi amfani da LCD mai layi biyu da haruffa sha shida. Ga aikin tanki, Nano ya isa har da saura.

Wataƙila a makaranta za su haɗa ka da PIC16F877A ko AT89S52 na dangin 8051, wanda Intel ta faro tun 1980, su ce ka zana a manhajar Proteus. Kada ka raina su. PIC ɗin nan bayit 368 ne RAM ɗinsa, kuma wanda ya koyi tsuke furogiram a cikin wannan ya koyi tattali. Amma don aikin gida ba zan tura ka can ba: sai ka sayi furogirama, ka haɗa kiristal da kafasitocinsa, kuma sau da yawa kuɗinsa ya kai na allon da ya fi shi komai.

Yanzu maganar saƙo a waya. A nan ne ESP ke shigowa. Kamfanin Espressif na Shanghai ya girgiza wannan fanni a 2014 da ESP8266, cif mai Wi-Fi a cikinsa a farashin 'yan daloli kaɗan, a lokacin da ƙara wa Arduino Wi-Fi ya fi Arduinon kansa tsada. A 2016 suka fito da ESP32: ƙwaƙwalwa biyu, gudu har MHz 240, RAM KB 520, ga Wi-Fi ga Bluetooth, kuma da manhajar Arduino ɗin da ka saba za ka rubuta masa. Idan za ka sayi ɗaya a cikinsu yau, ESP32 ka saya, ko ƙanensa ESP32-C3 mai ƙwaƙwalwa ɗaya; bambancin kuɗinsu da ESP8266 bai taka kara ya karya ba. Amma ESP32 na asali yana da halayensa. Da bolt 3.3 yake aiki, idan ka ba ƙafarsa bolt 5 kai tsaye kana iya kashe ta, don haka siginar da ta fito daga sansa mai bolt 5 sai ka rage ta da rasista biyu, misali 1k da 2k. Ƙafafu na 34 zuwa 39 ji kawai suke yi, ba sa kunna komai. Wasu kamar 0 da 2 da 12 da 15 cif ɗin yana duba su lokacin tashi, idan ka rataya musu abin da ya ja su inda bai dace ba, ba zai tashi ba. Ma'aunin bolt ɗinsa na rukunin ADC2 ba ya aiki muddin Wi-Fi na kunne. Wi-Fi ɗin kuma na zangon 2.4 GHz ne kaɗai, idan wayarka tana raba data a zangon 5 ba zai gan ta ba.

Sai dai ka tambayi kanka: akwai Wi-Fi da ke kunne dare da rana a gidanku? Idan datar wayarka ce, ka fita da ita, na'ura ta zama kurma. Ga yawancin gidajenmu saƙon tes ya fi dacewa, kuma abin da ake amfani da shi shi ne SIM800L, ɗan allon da ake saka wa layin waya. Da 2G kaɗai yake aiki, ka tabbatar layin da za ka saka yana kama shi a unguwarku. Yana son bolt tsakanin 3.4 da 4.4, ba 5 ba, ba 3.3 ba, kuma lokacin da yake neman sabis yakan fizgi wuta har amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido. Idan ka ba shi daga jikin Nano, fitilarsa za ta yi ta ƙiftawa da sauri ba zai taɓa kama sabis ba. Ka ba shi wutarsa daban, da wayoyi gajeru masu kauri, da kafasita mai maikurofarad 1000 daf da ƙafafunsa, ka kuma haɗa ƙafarsa ta ƙasa (GND) da ta Nano. Nano zai iya tuƙa shi, ba sai ka canza cif ba.

Sauran biyun da za ka ji ana ambata, a gurguje. Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, da cif RP2040 mai ƙwaƙwalwa biyu, MHz 133, RAM KB 264. Ina son shi don takardunsa a tsare suke, kuma zuba masa furogiram kamar kwafar fayil ne zuwa filas: ka danne maɓallin BOOTSEL, ka soka USB, ka ja fayil ka saki. Idan ka fi sakewa da Python, da shi za ka fara. Pico W mai Wi-Fi ya biyo baya a 2022 a kan dala 6. Shi kuwa shuɗin allon STM32F103C8T6 da ake kira Blue Pill, mai MHz 72 da RAM KB 20, kasuwarsa ta cika da na kwaikwayo, musamman tun ƙarancin cif na 2020 zuwa 2022, wasu ma da rasistar USB da ba daidai ba. Dangin STM32 suna da daraja ga mai neman aikin masana'anta, amma ba shi ne matakin farko ba.

To, ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka. A cikin na'urorin da na gani sun gaza bayan an kafa su, kaɗan ne laifin cif. Wuta ce. Na taɓa haɗa wa wani gida irin abin da kake so. A kan teburina ya yi sati guda yana aiki lafiya lau, ina ɗaga fulot, wato makunnin da ke yawo a saman ruwa, yana kashe ƙwan da na saka a madadin sumo, ina saukewa yana kunnawa. Ranar da aka kafa shi a jikin bango, tanki ya cika, kwantakta, wato babban rilen da ke ba sumo wuta, ta saki da ƙara, sai fuskar LCD ta cika da wasu baƙaƙen murabba'ai da haruffan da ba na kowane yare ba, Nano ya sake tashi daga farko. Na tsaya da mita a hannu ina auna bolt 5, tana nuna min 5 daidai, domin abin da ke faruwa ya fi mita sauri. Naɗin wayar da ke cikin kwantakta, idan aka yanke masa wuta farat ɗaya, yakan mayar da wani tartsatsin bolt mai tsawo. Ga kuma wayar fulot mai tsawon mita goma sha biyar da aka ɗaure a jikin wayar sumo tun daga sama har ƙasa, ta zama eriya, tana kwaso wannan tartsatsin tana kai wa ƙafar cif. Abin da ya gyara shi bai kai kuɗin kwanon abinci ba: rasista om 100 da kafasita nanofarad 100 irin mai jure wutar gida, aka jera su aka gitta a kan naɗin kwantakta, aka raba hanyar wayar fulot da ta sumo, aka saka PC817, ɗan cif mai miƙa sigina ta hanyar haske, tsakanin doguwar wayar da ƙafar cif don kada su taɓa juna kai tsaye, aka ƙara kafasita maikurofarad 470 da wata nanofarad 100 a kan layin bolt 5. Rasistar da ke cikin cif ɗin mai riƙe ƙafa a sama tsakanin 20k da 50k take, ta yi rauni ga waya mai wannan tsawon. Da ESP32 ne ko cif ɗin senti goma, da haka za su yi, wataƙila ma fiye.

Haka batun rage bolt. Da yawa sukan ɗauko bolt 12 daga batirin sola su soka a ƙafar VIN ta Nano, don an rubuta tana ɗauka. 'Yar regiletar da ke kan allon ba ta da wata dabara illa ta mayar da rarar bolt zafi. Yi lissafin da kanka: batiri yana caji ya kai 14.4, ka cire 5, saura 9.4, idan allo da rile da fitilar LCD suna jan miliamfiya 150, wat 1.4 ke nan a jikin abin da bai fi ƙwayar wake ba, a cikin rufaffen akwati, a watan Afrilu. Za ta yi zafin da ba ka iya taɓawa, ta riƙa yankewa, wata rana ta tafi gaba ɗaya. Ka sayi ɗan allon rage bolt na LM2596, ka juya sukurinsa kana kallon mita har ta nuna 5 daidai kafin ka haɗa shi da komai, sannan ka ba Nano ta ƙafar 5V. Idan daga soket za ka ɗauka, ka nemi cajar waya ta kirki mai nauyi a hannu. Araha ba ta ado a nan: caja marar kyau ita ce ke haifar da saƙon nan na Brownout detector was triggered da ESP32 ke yawan fitarwa duk lokacin da Wi-Fi ya tashi.

Game da tankin kansa, zan faɗa maka gaskiya: kashe sumo idan ruwa ya cika ba ya buƙatar cif ko kaɗan. Fulot da kwantakta sun gama aikin, kuma masu aikin famfo sun daɗe suna yi. Amfanin cif yana cikin abin da fulot ba zai iya tunani ba. Idan aka kawo wuta, ya jira minti ɗaya ko biyu ta daidaita kafin ya tada sumo. Idan tanki ya saba cika a minti arba'in amma ga shi an yi awa guda bai cika ba, ya kashe ya sanar da kai, domin ko bututu ya fashe ko ruwan rijiya ya ja baya kamar yadda yake yi da bazara, kuma sumo da ruwan da yake ciki yake hucewa, idan ya yi ta juyawa a bushe ƙonewa zai yi. Idan ka ƙara ɗan allon ZMPT101B ya riƙa auna wutar gida, ya ƙi tayarwa idan ta yi ƙasa sosai, don ƙaramar wuta tana cin naɗin mota. Wannan shi ne aikin da ya cancanci furogiram, kuma shi zai ceci kuɗin gidanku.

Wajen jin ruwa, ka fara da fulot biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kada ka tsoma tsirarun wayoyi a ruwa ka bar su da wuta kullum, cikin 'yan makonni za su yi tsatsa su cinye. HC-SR04 mai idanu biyu da ke auna nisa da sauti yana da daɗin gwaji a tebur, amma tururin cikin tanki yana kashe shi. Akwai JSN-SR04T da ruwa ba ya lalata shi, sai dai ba ya ganin abin da ya matso kusa da shi ƙasa da wajen santimita 20 zuwa 25, don haka ka ɗaga shi sama da inda ruwa ke tsayawa. Ka kuma sani gudun sauti yana bin zafi: wajen mita 343 a daƙiƙa idan zafi na digiri 20, wajen 355 a digiri 40. Baƙin tankin da ya sha rana zai ba ka lissafi dabam da na asuba.

Ƙaramin shuɗin rilen da aka rubuta 10A a jikinsa, kada ka ba shi sumo kai tsaye. Mota idan za ta tashi tana jan ninkin abin da take ci sau da yawa, bakin rilen zai narke ya manne, ranar nan sumo ba zai mutu ba ko cif ya ce ya mutu. Rile ya tuƙa kwantakta, kwantakta ta tuƙa sumo. Kuma ina roƙonka, ƙanena, ɓangaren bolt 230 ka yi shi tare da ƙwararren mai wayarin, a kashe babban makunni, a tabbatar da wayar ƙasa. Abin da zai hau zuwa tanki ya zama ƙaramar wuta ce kawai, don mata da yara suna taɓa ruwan nan. Ka bar makunnin hannu a gefe yadda ko na'urarka ta lalace gida ba zai rasa ruwa ba.

A cikin furogiram, ka kunna abin da ake kira watchdog, wani agogo ne a cikin cif da ke sake tada shi idan ya daskare. Sai dai wasu Nano masu tsohon bootloader sukan maƙale idan ya buga, don haka ka gwada a tebur tukuna. Ka tsara yadda duk lokacin da cif ya tashi, sumo a kashe yake har sai an duba fulot. Ka koyi amfani da millis() mai ƙirga lokaci maimakon delay() mai tsayar da furogiram, ka kuma riƙa lissafin lokaci ta hanyar ɗebewa, don ƙirgensa yana komawa sifili bayan kwana 49 da wajen awa 17. EEPROM kuma kowane gurbi rubutu dubu ɗari aka lamunce masa. Idan kana rubuta masa duk daƙiƙa, kwana ɗaya da 'yan awoyi ka cinye wannan adadin. Sai abu ya canza za ka rubuta.

Yanayinmu ma yana da nasa. Cif ɗin yana jure har digiri 85, ba shi ne abin tsoro ba. Kafasita mai ruwa a ciki ita ce ke tsufa da wuri, kusan duk ƙarin digiri goma yana raba kwananta biyu, don haka ka nemi wadda aka rubuta 105 a jikinta. Batirin litiyam irin 18650 ba a son cajinsa idan zafi ya haura digiri 45, kada ka rufe shi a akwatin da rana ke duka. Da hunturu iska takan bushe har ka ji tas idan ka taɓa ƙofar mota; wannan tas ɗin ya isa ya kashe ƙafar cif, don haka ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki allo, ka riƙe shi ta gefe. Ramukan iska ka yi su ta ƙasan akwati ka rufe da raga, saboda ƙura da kiyashi da ƙadangare. Allon gwaji kuma na gwaji ne kawai. Idan aiki ya tabbata, ka mayar da shi kan fanel mai ramuka ka liƙa da dalma, ka saka wa Nano mazauni yadda za ka iya zare shi.

Ranar CH32V003 ita ce ranar da maƙwabta suka ga naku suka ce a yi musu, oda ta kai hamsin ko ɗari. A lokacin ka san ainihin ƙafa nawa kake buƙata, ka san furogiram ɗinka bai kai KB 16 ba, ka koyi zana fanel a manhajar KiCad ka aika a buga maka. Mai ƙafa takwas ɗinsa tazararsa milimita 1.27 ce, hannu yana iya liƙa shi, mai ashirin ɗin kuma duk mai gyaran waya a Farm Centre da ke da injin iska mai zafi zai ɗora maka shi cikin minti biyu, don abin da suke ɗagawa kullum ya fi shi ƙanƙanta. A nan ne senti goma zai zama riba a aljihunka.

A yanzu dai kuɗin da ke hannunka ka raba shi haka: Nano biyu, allon gwaji da wayoyinsa, mita ko da mai araha ce, rile guda mai bolt 5, fulot biyu, LM2596, PC817 kamar biyar, da ɗan ƙunshin rasista da kafasita da ƙananan fitilu. SIM800L da kwantakta su jira wata mai zuwa. Ka cika bokiti a tsakar gida, ka ɗaura fulot ɗaya a bakinsa ɗaya a gindinsa, ka sa fitila ja a madadin sumo, ka riƙa zuba ruwa da moɗa kana kwashewa. Ka zare wutar a tsakiyar aiki ka mayar ka ga abin da zai yi, ka riƙe fulot na sama a ƙasa ka ga ko zai kashe da kansa idan lokacin da ka ɗiba masa ya cika. Idan ya yi kwana uku a haka bai saɓa ba, ka turo min hoton haɗin da furogiram ɗin, mu duba tare kafin a kira mai wayarin.